Farfesa da Jijiyar da Ta Goce

A kamfanin fasa dutsen siminti da ke bayan gari akwai wani mutum da ake kira Farfesa. Kada ka ji sunan ka ɗauka ya taɓa koyar da ko mutum ɗaya. Kayan aikinsa gwangwanin jan fenti ne da burushi. Idan aka tashi nakiya, ƙura ta lafa, sai ya bi tarin duwatsu yana dubawa. Duk dutsen da jijiya ta ratsa, fara ce ko mai ƙyalli, sai ya shafa masa ja, tifa ta zo ta kwashe ta zubar, domin injin niƙa ba ya son irinsa. Sauran masu fenti ɗigo kawai suke yi su wuce. Shi kuwa sai ya ja da baya, ya gyara hular kwano, ya zana da'ira ya yi mata wutsiya mai lanƙwasa. Wai sa hannunsa ke nan, kuma duk duniya babu mai iya kwaikwayonsa.

Sunan ya samo asali ne ranar da wata malamar jami'a masaniyar duwatsu, wadda kowa ke kira Dakta, ta kawo ɗalibanta ramin da ake fasa dutsen. Aka ce wa zai riƙe mata lema. Ba a rufe baki ba mutuminka ya cafke. Ta tsaya gaban bangon dutsen da aka yanka, ta nuna musu yadda yake hawa-hawa kamar katifun da aka jibga. Ta bi wata jijiya da sanda har inda ta katse a bakin wata doguwar tsaga.

Ta ce, "Nan ƙasa ta karye tun kafin a yi mutum, gefe ɗaya ya zame ƙasa. Idan jijiya ta ɓace muku a bakin tsaga, ba ƙarewa ta yi ba, gocewa ta yi. Ku neme ta a ɗaya gefen."

Ta ɗaga sanda, sai ga jijiyar can sama ta ci gaba da tafiyarta. Wannan abu ya shiga kan mutuminka ya zauna daram. Daga nan ta fara bayani a kan abin nan mai ƙyalli da ke cikin jijiyar, amma a daidai lokacin iska ta fizge lemar, ya bi ta da gudu. Kafin ya dawo an gama. Bai tambaya ba, don a ganinsa tambaya ta ɗalibai ce. Tun daga ranar ko tsakuwa ya taka sai ya yi mata lacca.

Wata safiya nakiya ta buɗe sabon bango, sai ga jijiya mai kauri, cike da wasu 'ya'ya rawaya suna walƙiya a rana. Farfesa ya ajiye gwangwani. Ya hau can saman ramin, ya miƙa hannu daidai inda jijiyar ta nufa, ya rufe ido ɗaya. Yatsarsa ta sauka a kan rufin gidansa. Gaskiya da ya ɗan karkata za ta iya sauka a kan rufin kowa a unguwar, amma bai karkata ba.

Ya iso gida yana haki. Matarsa tela ce. Shekara da shekaru tana ɗinki a kusurwar ɗakin kwana, bayanta a tanƙware, mata na zuwa gwaji suna cin karo da gado. A hankali ta tara abin da ta tara, ta gina ɗan shago a gaban gida. An yi masa shuɗin fenti, an zagaye shi da farin layi a tsakiya, an saka ƙofa, har ta shigar da keken ɗinkinta. Ranar Asabar mai zuwa za ta buɗe, kuma duk matan unguwa sun sani. Ba ta da wani abu a duniya da take kallo ta ji daɗi kamar shagon nan.

Ya ce, "Maman yara, ajiye almakashin nan. Daga yau kin daina ɗinki."

Ta ce, "Sun kore ka ne?"

"Ni za a kora? Ni da idan na yi tari kamfanin sai ya kwanta? A kan zinare muke kwana, ke ba ki sani ba."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Baban yara, bara kifi ka ce za mu kiwata a baho. Har yau idan aka yi zafi bahon yana tuna mana."

"Wancan kasuwanci ne. Wannan kimiyya ce."

"To, kimiyyarka ta tsaya nesa da shagona."

Washegari ya ari diga da shebur da baro, ya fasa simintin tsakar gida. Maƙwabcinsu magini, wanda shi ya gina shagon, ya leƙo ta kan katanga da kofin shayi a hannu.

"Farfesa, rijiya ake yi?"

"Rijiya aikin wanda bai je makaranta ba ne."

"Au, kai ka je?"

"Makaranta ce ta zo ta same ni har wurin aiki. Koma ka kwaɓa simintinka."

Ya haƙa har ramin ya kai masa ƙirji. Abin da ya samu: tsohon takalmin roba, cokali mai yatsu, da saiwar bishiya. Magini ya sake leƙowa ya tambayi ina zinaren. Farfesa ya share gumi, ya dubi wata 'yar tsaga a gefen ramin, ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba.

Ya ce, "Ta goce."

"Wa?"

"Jijiyar mana. Yadda ban same ta a nan ba, shi ya nuna tana nan. A ɗaya gefen take."

Ɗaya gefen kuwa shi ne gindin katangar wata tsohuwa da ake kira Inna Mai Kaji. Farfesa ya bi ta ƙarƙashi yana rarake, bai san akurkinta a jingine yake da katangar ba. Yana cikin bugun diga sai ƙasa ta burma, akurki ya tuntsuro cikin ramin da kajin da ƙwan da komai. Kaji suka yi ta tsalle a kansa suna kyarkyara. Zakara ya samu hular kwano ya hau ya tsaya, ya ƙi sauka. Inna ta fito da tsintsiya.

"Ɗan nan, me kajina suka yi maka?"

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Idan abin ya fito, bene zan gina wa kajin nan."

"Sun ce maka bene suke so? Ƙwan da ke kanka ma na mutane ne, an riga an yi alkawarinsa!"

"Ai ci gaba ba ya zuwa sai da ɗan asara."

"To ga ci gaba!" Ta sauke masa tsintsiya a gadon baya.

Da yamma ana ta farautar kaji a unguwa, shi kuwa yana zaune a falonsa, kan kujerar da yake karɓar baƙi, yana zane a iska da yatsa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ta sake gocewa. Da ma babbar jijiya haka take, ba ta son a kama ta da wuri."

Sai ya koma ƙofar gida, bakin titi. Yanzu kam ya yi 'yan kallo. Masu jiran mota suka fasa tafiya, mai aski ya fito da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Can diga ta bugi wani abu, ya yi ƙara, ƙal!

Farfesa ya ɗaga hannu. "Kowa ya yi shiru. Kun ji ƙarar arziki?"

Magini ya ce, "Ni dai ƙarar bututu na ji."

"Kunnen talaka ke nan. Matsa."

Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga har baya, ya sauke da duk ƙarfinsa. Ruwa ya yi tsiri sama ya ɗauke hular kwanon, ya wanke 'yan kallo, ya ƙarasa wa mai rabin aski wankan da bai nema ba. Famfon unguwa gaba ɗaya ya ɗauke. Kafin masu gyara su iso, mata sun yi layi da bokitai a bakin raminsa, kowace ta ɗiba sai ta bar masa kalma ɗaya mai zafi. Ko a jikinsa. Yana tsaye tsamo-tsamo yana bayani.

"Dakta da bakinta ta ce ruwa tsaga yake bi. Ga ruwa ya fito. Me kuke so kuma a nuna muku?"

Wata ta ce, "Muna so a nuna mana hankalinka."

Inna ta ce, "Shi ma ya goce."

Yanzu an haƙa tsakar gida, an haƙa baya, an haƙa gaba. Wuri ɗaya ya rage. Matarsa ta ga inda idonsa yake zuwa idan yana shan shayi. Ta ɗauko allin da take zana yadi, ta zagaye shagon da layi a ƙasa, ta kira shi.

"Baban yara, na yi shiru a kan tsakar gida. Na bai wa Inna haƙuri, na bai wa matan unguwa haƙuri har bakina ya bushe. Ka ga layin nan? Idan digarka ta ƙetare shi, wallahi za ka ga wata mace da ba ka taɓa aura ba."

Ya dafa ƙirji. "Ni? Ko inuwata ba za ta ƙetare ba."

Ranar Juma'a da sassafe ta tafi babbar kasuwa sayen yadi da zare da labulen shago. Farfesa ya aika wurin aiki cewa ciki ya murɗe shi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon layin alli, sai wata dabara ta zo masa, har ya yi wa kansa tafi. Ai a saman ƙasa ta ja layin. Ba ta ce komai a kan ƙarƙashi ba.

Ya shiga ramin tsakar gida, ya fara rarake ta gefe, ya nufi shago a kwance kamar gafiya. Rana ba ta yi tsaka ba diga ta ci karo da dutse. Ya goge da hannun riga, ya haska fitilar waya. Farar jijiya ce ta ratsa shi, da 'ya'ya rawaya suna ƙyalli. Ya ƙwaƙulo shi, sai ga wani a bayansa. Ya ciro wannan, ga wani. Kuma a jere suke reras, ɗaya kan ɗaya, kamar da hannu aka shirya su. Farfesa ya zauna a cikin ramin ya yi kukan daɗi.

Ya fito ya buga wa Dakta waya, ya ce ta bar duk abin da take yi ta zo, an yi gano irin wanda ba a taɓa yi ba. Ya bi gida-gida yana kiran mutane, musamman waɗanda suka yi masa dariya. Ya buɗe ramin ta waje daidai kusurwar shago don kowa ya gani, layin alli ya bi shebur ya tafi. Ya shimfiɗa zanen gado ya jera duwatsun da ya ciro, ya sa tsohuwar kwat a kan wandon da ya yi kaca-kaca da laka.

Unguwa ta cika. Da suka ga ƙyallin sai dariya ta ragu. Mai aski ya fara kiransa "ranka ya daɗe." Wata daga cikin matan bokiti ta ce ita da ma tun farko ta san mutumin nan ba a banza yake ba. Farfesa ya hau kan baro.

"Jama'a, na yafe muku. Ba laifinku ba ne, ilimi ne bai kai ku ba. Waɗannan da kuke gani 'ya'ya ne. Uwar tana ciki, na ɗaure ta da igiya. Ina majiya ƙarfi?"

Samari suka kama igiya. A lokacin magini ya dawo daga aiki, ya kutso cikin taro, ya leƙa ramin. Fuskarsa ta canza.

"Farfesa, dakata! Wannan ai..."

"Hassada ta iso. Ku ba ta wuri ta zauna."

"Ka saurare ni, dutsen nan shi ne..."

"Ai zan ba ka aikin gina bene, me kake ci na baka na zuba? Ku ja!"

Suka ja. Dutsen ya yi gardama, suka ƙara ja, ya fito da ƙugi, ya gangaro ya kife a gaban jama'a, cikinsa ya kalli sama. Daidai nan motar Dakta ta tsaya, ta fito da 'yar gudumarta. Ba wanda ya kalle ta. Kowa dutsen yake kallo. A jikinsa, da jan fenti, ga da'ira, ga wutsiya mai lanƙwasa.

 Inna ce ta fara magana.

"Ɗan nan, ashe har ƙarƙashin ƙasa kake shiga kana sa hannu?"

Farfesa ya ce, "Wannan... wannan ya nuna tun asali nawa ne."

Magini ya ce, "Naka ne mana! Ba kai ka kawo su ba? Da za a zuba harsashin shagon nan ka ce wa matarka kada ta sayi dutse, kai za ka kawo irin wanda ake gina banki da shi. Tifa ta juye, ni na jera su da hannuna, kana falo kana yi wa mutane lacca. Ashe na zubarwa ka sa aka kwaso mata!"

Dakta ta durƙusa ta ƙwanƙwasa 'ya'yan rawaya da guduma. Suka farfashe, wani wari ya tashi kamar an ƙyasta ashana. Ta ce, "Malam, wannan ƙarfe ne da farar wuta, ba zinare ba. Ai na yi bayaninsa ranar da muka zo."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, lokacin ina bin lema."

Dariyar da ta tashi ba ta yi nisa ba, domin wata ƙara ta katse ta. Ƙas. Sai kuma ƙas-ƙas-ƙas. Tsaga ta taso daga kusurwar shago ta haura har rufi. Rabin ginin ya yi ajiyar zuciya ya zauna cikin ramin. Farin layin nan da ya zagaye shuɗin bango ya katse a bakin tsagar, ya ci gaba a ɗaya gefen, ƙasa da inda yake da kamu guda.

Dakta ba ta san lokacin da ta ce, "Kai! Irin wannan nake ta neman in nuna wa ɗalibai" ba.

Wata murya a bayanta ta ce, "Ki kawo su, baiwar Allah. A gaya musu shagona ne."

Matar Farfesa ce, ta sauko daga tasi, yadi a kafaɗa, labule a hammata. Taro ya dare ya ba ta hanya. Daɓen shagon ya riga ya karkace, ƙofa ta buɗe da kanta, keken ɗinki ya gangaro a hankali a kan ƙafafunsa, ya fito waje ya tsaya a gabanta. Ta dafa shi. Sai bangon ya ƙarasa zubewa, ƙura ta turnuƙe.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon wurin, hawaye na bin fuskarta, kuma duk wanda ke wurin ya ji tausayinta har cikin ransa. Farfesa ya sauko daga kan baro, kwat ɗinsa ta yi fari da ƙura.

"Maman yara, layin nan... ta ƙarƙashi na bi, ban ƙetare..."

Ta share ido da gefen sabon labulen. Ta ce wa samarin da ke riƙe da igiya, "Ku ajiye wannan. Ku ɗaukar mini keken nan ku kai falo. Kujerar da ke ciki da rediyo ku fito da su tsakar gida."

"Falona? Ina zan karɓi baƙi?"

"Kana da ramuka har uku, zaɓi wanda ya fi iska. Na ce Asabar zan buɗe shago, kuma gobe zan buɗe. Ba zan fita daga falon nan ba sai ka mayar mini da ginina. Magini zai gina, kai ne lebura. Dutsen kuma ni zan zaɓa."

Magini ya ce, "Ina fitowa da wuri, Farfesa. Kuma ba na son lebura mai surutu."

Da rana ta yi sanyi, Farfesa yana zaune kan kujerarsa a bakin ramin tsakar gida. Ta tagar falo ana jin ƙarar keke, ana ɗinke labule. Mai aski ya leƙo yi masa jaje, ya tarar har ya fara farfaɗowa.

"Ka dai ji abin da Dakta ta ce? Ƙasa sai ta yi dubban shekaru kafin ta yi tsaga irin wannan. Ni a wuni ɗaya na yi tawa. Jami'a za ta zo gani."

Mai aski ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Can yunwa ta taso wa Farfesa, don tun safe bai sa komai a ciki ba. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar falonsa a hankali, kamar baƙo.

"Maman yara, ban ga abincina ba."

Keken bai tsaya ba. Ta ce, "Ya goce."

"Ya goce ina?"

"Kai ne Farfesa. Neme shi a ɗaya gefen."

Ya duba kicin, babu. Ya duba ɗaki, babu. Sai ya ji wani ƙwas-ƙwas ta bayan katanga. Ya taka baro ya leƙa gidan Inna. Ga kwanonsa nan, mai murfin fure, a tsakiyar fili, kaji sun kewaye shi suna caccakar shinkafa. Zakara ya ɗago ya dube shi da ido ɗaya, ya mayar da kai cikin kwano.